Abubakar Ar-Razi, Likitan da Ya Rarrabe Sinadarai

Ɗan uwa, in sunayen sinadarai na ba ka wahala a aji, kar ka gudu, ka dubi Abubakar Ar-Razi. An haife shi a Rayyi, ƙasar Iran ta yau, wajen 865. Likita ne, ya shugabanci asibitin Bagadaza. Cikin Kitabul Asrar ya kasa abubuwa gida uku: na ƙasa, na tsiro, na dabba. Na ƙasa ya raba su shida, har da ƙarafa, duwatsu da gishiri, irin na Foga da muke sa wa miya. Ya bayyana narkarwa, tacewa da ƙonawa. To ka ga, kimiyyar nan daga sanin sunan abu da gidansa take farawa. Ya rasu wajen 925. Allah ya jiƙan shi.