BOOKER WASHINGTON, BAWAN DA YA ZAMA SHUGABAN MAKARANTA

Akwai wata gardama da malaman makaranta ba su gama ta ba har yau, watau ko yaron da ya haddace dokokin nahawun Turanci ya iya Turanci ke nan, ko kuwa da sauransa. Akwai kuma wata wadda ta fi wannan girma, har an zubar da jini a kanta, watau ko baƙar fata da farar fata daidai suke wajen hankali da daraja. Waɗannan gardandami biyu sun gamu a cikin rayuwar mutum guda, shi ne Booker T. Washington na ƙasar Amurka. Don haka na ga ya kyautu in kawo wa masu karatu tarihinsa, tun ba malamai da akawuna ba, waɗanda alli da alƙalami su ne fartanyarsu.

An haifi Booker a shekarar 1856 a wata gona cikin jihar Birjiniya. Uwarsa Jane baiwa ce, ita ke yi wa gidan ubangijinta girki, ubansa kuwa wani Bature ne wanda bai taɓa waiwayarsa ba. A zamanin nan jihohin Kudu da yawa sun kafa doka kada a koya wa bawa karatu. Abin da yaron ya sani game da makaranta shi ne yakan ɗauko wa 'yar ubangijinsa littattafai, ya raka ta har bakin ƙofa, ya leƙa ya ga yara suna karatu, sa'an nan ya juya.

Da yaƙin basasa ya ƙare a 1865 aka 'yanta bayi, sai uwarsa ta kwashe 'ya'yanta suka tafi wani gari wai shi Malden, a Birjiniya ta Yamma, inda mijinta ke aiki. Nan aka sa Booker aikin dafa gishiri, daga baya kuma haƙar kwal. Abin da ya fara ganewa na rubutu shi ne lamba 18, domin ita ake shatawa a jikin gangunan gishirin da mijin uwarsa ya cika. Uwarsa ta yi ƙoƙari ta samo masa wani tsohon littafin koyon haruffa, ya dinga fama da shi shi kaɗai. Sa'ad da ya sami shiga makaranta, ya ji kowane yaro yana da suna biyu shi kuwa ɗaya, sai ya laƙa wa kansa Washington da malami ya zo kansa wajen kiran suna. Bayan wannan ya yi aikin gida wurin wata Baturiya mai suna Viola Ruffner, mace mai tsanani wadda ba ta yarda da aikin ganin ido. Ita ta koya masa cewa share ɗaki ma yana da ƙa'ida.

A cikin ramin kwal ya ji waɗansu mutane biyu suna zancen wata makaranta ta baƙar fata a Hampton, inda talaka ke iya biyan kuɗin abinci da aikin hannunsa. A 1872 ya kama hanya, tafiyar wajen mil 500, wani wuri a ƙasa, wani wuri a keken doki. Guzurinsa ya ƙare a birnin Richmond, ya kwana ƙarƙashin katakon gefen titi, ya yi dakon kayan jirgin ruwa har ya sami na ci gaba. Da ya isa, babbar malama, Mary Mackie, ta dube shi duk ya yi buɗu-buɗu, ta yi jinkirin karɓarsa. Daga bisani ta miƙa masa tsintsiya ta ce ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge sau huɗu. Ta bi da farin ƙyalle ba ta sami ƙura ba, sai ta karɓe shi. Wannan shara ita ce jarrabawarsa ta shiga makaranta.

Shugaban Hampton, Janar Samuel Armstrong, ya gina makarantar a kan cewa ilimin littafi ya tafi tare da sana'ar hannu da gyaran hali. Booker ya sha wannan ra'ayi har ya zama nasa. Ya gama a 1875, ya koma Malden ya yi koyarwa, sa'an nan a 1879 aka kira shi Hampton ya zama malami. A 1881 mutanen wani gari a jihar Alabama, wai shi Tuskegee, suka rubuto wa Armstrong suna neman Baturen da zai buɗe musu makarantar horon malamai baƙar fata. Armstrong ya ce ba shi da Bature, amma yana da Washington. Suka ce a turo shi.

Da ya isa ya tarar ba gini, ba fili, ba littafi. Gwamnatin jihar ta ba da dala 2,000 a shekara, amma don albashin malamai kurum. Ya buɗe makaranta ran 4 ga Yuli 1881 da almajirai 30, a cikin wata tsohuwar bukka kusa da majami'a. In ana ruwa, sai wani almajiri ya riƙe masa laima yana ba da darasi.

To, a nan ne ya ga abin da ya shafi zancenmu. Yawancin almajiran nan malamai ne da ma a makarantun ƙauye, waɗansu sun kusa shekara arba'in. Ya tarar suna son babban littafi mai dogon suna, kuma ba abin da ke musu daɗi kamar haddace dogayen dokokin nahawu da na lissafi. Amma in aka ce su yi aiki da dokar a cikin al'amuran yau da kullum, sai su tsaya cik. Wani ya ce ya ƙware a lissafin banki, ashe ko jadawalin sau bai zauna masa ba. Waɗansu suna iya nuna Hamadar Sahara ko babban birnin Sin a taswira, amma abin da ke gabansu ya gagare su. Tun kafin ya buɗe makarantar ma, da yake zaga ƙauyuka, ya ga wani saurayi wanda ya yi karatu mai ɗan zurfi yana zaune a ɗaki ɗaya tal, tufafinsa duk maiƙo, ciyawa ta cinye tsakar gida, yana bitar nahawun Faransanci. Ya lissafa wannan cikin abubuwan da suka fi ba shi baƙin ciki a tafiyar.

Ba laifin almajiran ba ne, kuma shi kansa ya shaida cewa suna da himma, suna karɓar gyara da zarar an nuna musu. Waɗanda suka koya musu ne ba su sami horo ba, makarantun ƙauye kuwa wata uku ko biyar kaɗai suke buɗewa a shekara. Malamin da bai saki jiki da harshe ba, ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya sa yara su rera doka, gama doka tana cikin littafi, ba ta bukatar ya ƙago jimla tasa.

Maganin da Washington ya kawo shi ne a haɗa aji da wurin aiki. Ya ci bashi ya sayi gona mai eka 100 a kan dala 500. Almajirai suka sare daji, suka yi noma, suka gina ajujuwansu da hannunsu. Sau uku tanderun gasa tubali yana lalacewa, har ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 ya sake gwadawa, a na huɗu aka dace. Darasin Turanci kuwa ya nemi a ɗauko shi daga wannan aiki. Mai koyon ƙira ya rubuta insha'i a kan ƙira, mai koyon ɗinki ta bayyana yadda ake yanka riga, malami kuma ya gyara nahawun a cikin abin da almajiri ya rubuta da kansa. Shi da kansa gajerun kalmomi da jimloli marasa ƙawa yake amfani da su, da su ne kuma ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu jawabi na zamaninsa.

Har zuwa nan, malami mai adalci ba zai yi masa musu ba. Inda aka rabu shi ne wajen zancen daidaito. Ran 18 ga Satumba 1895 aka ba shi dama ya yi jawabi a wani babban bajekoli a birnin Atlanta, gaban Turawa da baƙar fata. Ya shawarci mutanensa su duƙufa ga noma da sana'a da tara abin hannu, kada su sa neman daidaito wajen cuɗanya a gaba. Ya kawo misali da hannu, cewa a harkar zaman jama'a jinsin biyu suna iya zama a rarrabe kamar yatsu, amma su zama hannu guda a kan abin da zai ciyar da kowa gaba. Turawa suka yi ta tafi, jaridu suka ɗaga shi, ya zama shi ake ji a kan duk abin da ya shafi baƙar fata. Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa a 1896. A 1901 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Up from Slavery, a shekarar nan kuma Shugaban Ƙasa Theodore Roosevelt ya gayyace shi cin abinci a fadarsa, abin da ya sa jaridun Kudu suka yi ta zage-zage.

Amma lallashin bai sayo abin da ya yi fata ba. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba jinsi a wuraren jama'a. Jihohin Kudu suka bi juna suna ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a, Misisipi tun 1890, Luwiziyana a 1898, Alabama a 1901. Cikin dabarun da suka yi har da jarrabawar karatu, watau sai mutum ya karanta ko ya bayyana wani sashe na tsarin mulki kafin a rubuta sunansa, mai rajista kuwa shi ke da ikon cewa an ci ko an faɗi. Dubi yadda Turancin nan da ake gardamar koyar da shi ya zama ƙofar da ake rufe wa mutum 'yancinsa.

Sai wani masani baƙar fata ya tashi, W. E. B. Du Bois, wanda ya sami digirin dakta a Harvard a 1895. A cikin littafin da ya fitar a 1903 ya ce Washington yana neman mutanensa su ajiye abu uku, ƙuri'a, da haƙƙin ɗan ƙasa, da ilimi mai zurfi, ba kuwa abin da aka samu a madadinsu. Ya kare saurayin nan mai nahawun Faransanci, yana ganin yaron da ke neman sani a cikin talauci abin girmamawa ne. Ya kuma kawo hujja mai ƙarfi, cewa Tuskegee kanta ba za ta tsaya ba in ba don malaman da suka fito daga manyan kwalejoji ba. Wa zai gyara insha'in maƙeri in ba wanda ya san nahawu ciki da waje?

Gaskiya dai Washington bai taɓa cewa baƙar fata ba shi da hankalin Bature ba, rayuwarsa ma ta ƙaryata haka. Yana zaune ne a tsakiyar Alabama, a zamanin da ake kashe baƙar fata ba shari'a, kalma ɗaya tana iya jawo a ƙone makarantarsa. Bayan rasuwarsa, da masana suka binciki takardunsa, aka tarar yana ba da kuɗi a asirce don a kai ƙarar dokokin wariya, har da ƙarar da wani mai suna Jackson Giles ya kai a kan dokar zaɓen Alabama, wadda Kotun Ƙoli ta kora a 1903. Ya kuma haɗa kai da wani attajiri, Julius Rosenwald, suka fara gina makarantun ƙauye, shirin da ya kai wajen makarantu 5,000 kafin a rufe shi a 1932. Duk da haka, maganar da ya yi a fili ita aka riƙe, masu son tauye baƙar fata suka mai da ita hujjar cewa fartanya da guduma sun ishe shi.

Ya rasu a Tuskegee ran 14 ga Nuwamba 1915, yana da shekara 59, ya bar makaranta mai almajirai wajen 1,500 da gine-gine fiye da 100. Abin da ya jinkirta nema sai a 1954 Kotun Ƙoli ta fara bayarwa, da ta haramta raba yara a makarantu, sa'an nan dokar zaɓe ta 1965 ta karya jarrabawar karatun nan a jihohin Kudu. Ra'ayinsa ya ƙetaro har Afirka. Kwamitin Phelps-Stokes, wanda ya zagaya ƙasashen Afirka a 1920 da 1921, har da Nijeriya, tare da Dakta Aggrey na ƙasar da ake kira Gana yanzu, tsarin Hampton da Tuskegee ya yaba wa gwamnatocin mulkin mallaka, gardamar nan kuma ta biyo shi.

To, malamai, ga abin da na gani a cikin wannan tarihi. Washington ya gane cutar sarai. Yaron da ya iya kawo ma'anar suna da fi'ili da ka, amma ya kasa rubuta takardar neman aiki mai layi biyar, ba a koya masa Turanci ba, an dai ɗora masa kaya. Sai dai in an ga nahawu bai zauna ba, abin yi shi ne a gyara koyarwa, ba a rage wa yaro rabonsa a ce iyakar hankalinsa ke nan ba. A sa shi ya yi magana, ya rubuta abin da ya gani a kasuwa da gona, a gyara masa, sa'an nan a nuna masa dokar da ta sa aka gyara. Bayan haka a buɗe masa ƙofa ya tafi iyakar inda ƙwaƙwalwarsa ta kai shi, ko ɗan wane ne, ko wane launi ne. Yaron da aka hana shi wuce bakin ƙofar aji a Birjiniya shi ne ya zo ya gina ajujuwa, ba mu kuwa san wane ne ke zaune a bencin baya na ajinmu ba. Allah Ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu.