Nikolai Vavilov: Masanin da ya tara irin shukar duniya, yunwa ta kashe shi a kurkuku

Ranar 26 ga watan Janairun 1943, wani fursuna mai shekara 55 ya mutu a gidan yarin birnin Saratov da ke bakin kogin Volga a Rasha, bayan yunwa ta gama cin jikinsa. An binne shi a kabarin bai-ɗaya. Sunansa Nikolai Vavilov, masanin tsirrai wanda ya shafe sama da shekara 20 yana ratsa nahiyoyi biyar yana tattara irin shuka, domin kada yunwa ta ci gaba da halaka talakawan ƙasarsa.

Tasowarsa

An haifi Vavilov a Mosko ranar 25 ga Nuwamban 1887, a gidan wani attajirin ɗan kasuwa wanda ya taso a ƙauye cikin talauci. Mahaifin ya so ɗan ya gaje shi, amma shi ya zaɓi Kwalejin Aikin Gona ta Mosko. A 1913 ya tafi Ingila ya yi aiki a ƙarƙashin William Bateson, ɗaya daga cikin magabatan ilimin gadon halitta.

Yana koyarwa a Saratov ne aka shiga shekarar 1921, lokacin da fari ya afka wa yankin Volga, yunwa ta kashe miliyoyin mutane. A shekarar ce ya koma Petrograd, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Leningrad, ya karɓi ragamar wani ƙaramin ofishin gwamnati na binciken tsirrai. A hannunsa ofishin ya zama babbar cibiya mai tashoshin gwaji a sassan Tarayyar Sobiyat.

Neman mahaifar amfanin gona

Vavilov ya yi hasashen cewa kowane amfanin gona yana da mahaifa, wato yankin da ɗan'adam ya fara noma shi, kuma a nan ake samun nau'o'insa masu yawa. A cikin tsofaffin irin da ƙananan manoma suka gada daga kakanninsu akwai masu jure fari, da masu jure sanyi, da waɗanda cuta ba ta kamawa. Idan aka tara su aka auratar da su da irin da ake nomawa, za a samu sabon iri mai ƙwari.

Da kuɗin gwamnati ya bi wannan tunani. A 1924 ya ratsa Afganistan a kan doki. Tsakanin 1926 da 1927 ya zagaya Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Gabas ta Tsakiya, sannan ya shiga Habasha, inda ya gana da Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie. Da ayarin alfadarai ya bi tsaunukan ƙasar yana tattara alkama da sha'ir da tef. Daga baya ya je Sin da Japan da Meziko da Kudancin Amurka, mahaifar dankalin turawa. Zuwa 1940 cibiyarsa tana da samfurin iri sama da 200,000, rumbun da babu kamarsa a duniya a lokacin.

Aiki ne da ba ya kawo riba a damina ɗaya. Dole a riƙa sake shuka irin lokaci zuwa lokaci don kada ya mutu, kuma samar da sabon iri kan ɗauki shekara 10 ko fiye.

Karo da siyasa

Gwamnatin da ta ɗauki nauyinsa ba ta da irin wannan haƙuri. Bayan Stalin ya tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi, hukumomi kuma suka shiga neman mafita cikin gaggawa. Sai ga Trofim Lysenko, wani malamin gona wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta, ya yi alƙawarin bunƙasa girbi cikin 'yan shekaru. Vavilov ya ƙarfafa masa gwiwa da farko, amma da gwaje-gwaje suka kasa tabbatar da da'awarsa, ya fito fili ya soke ta.

Stalin ya goyi bayan Lysenko. A 1935 aka sauke Vavilov daga shugabancin hukumar binciken aikin gona ta ƙasa. A Agustan 1940, yana tsakiyar tattara iri a yammacin Yukren, jami'an tsaro suka kama shi bisa zargin leƙen asiri da yi wa noma zagon ƙasa. An yanke masa hukuncin kisa a 1941, kafin a mayar da shi ɗaurin shekara 20.

Amanar da aka riƙe

Yana kurkuku sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya ta kwana 872. Ma'aikatan cibiyarsa sun ci gaba da gadin irin daga ɓeraye da sanyi da mayunwata, su ma suna fama da yunwa. Da dama sun mutu ba su taɓa shi ba, ciki har da Dmitri Ivanov mai kula da shinkafa, da Aleksandr Shchukin mai kula da gyaɗa, wanda aka tarar da gawarsa a kan teburin aikinsa.

A 1955, bayan mutuwar Stalin, aka wanke Vavilov daga dukkan zargi, daga baya kuma aka sa wa cibiyar sunansa. Rumbunan irin da gwamnatoci da masu ba da tallafi ke ɗaukar nauyinsu a yau sun ginu ne a kan tunaninsa, ciki har da na cibiyar IITA a Ibadan, mai ajiye dubban nau'o'in wake, da na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, mai ajiye gero da dawa. Cibiyar Vavilov tana nan a birnin da yanzu ake kira St Petersburg, kuma har yau ana sake shuka irin da ya kawo daga Habasha.