Samuel Chapin, Dikon Wanda Ya Riƙe Garke

Ya mai karatu, in fasto ya tashi daga ƙauyenku, wa za ya buɗe Littafi Mai Tsarki ran Lahadi? Ka ji labarin Samuel Chapin.

An yi masa baftisma a Paignton, ƙasar Ingila, a 1598. Can ya auri Cicely Penny. Suka ƙetare teku da ƴaƴansu zuwa Amurka, inda Ingilishi ke kafa ƙauyuka a ƙasar Indiyawan daji. Wajen 1642 suka zauna a Springfield. Ekklesiya ta sa shi dikon, aka kuma sa shi cikin masu shari'a.

A 1652 fastonsu ya koma Ingila. Shekaru suka wuce babu tsayayyen makiyayi. Chapin ba fasto ba ne, amma yana cikin dattawan da suka riƙa bi da sujada, har garke bai watse ba. Ƴaƴansa bakwai suka girma, zuriya ta yaɗu. Daga cikinta shugabannin Amurka biyu suka fito, Cleveland da Taft.

Amma zaman baƙin nan ya matse masu ƙasa. Yaƙi ya tashi, a watan Oktoba 1675 suka ƙone yawancin gidajen Springfield. Chapin ya rasu a watan Nuwamba, garinsa na cikin toka.

Gidaje sun ƙone, ekklesiya ta tsaya. Kai fa, ɗan'uwa, ran da babu fasto, za ka tashi ka karanta wa jama'a?