Nam June Paik: Mutumin da Ya Mai da Ɓata Talabijin Sana'a

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kafanchan zai ga rumfunan masu gyaran rediyo da talabijin da wayar hannu, kowa ya tara kawunan na'urori a gabansa yana kwancewa yana like su da dalma. Burin mai gyara dai shi ne ya mayar da na'ura yadda kamfani ya ƙera ta. To, mai karatu, a wannan ɗan taƙaitaccen tarihi za mu duba rayuwar wani mutum da ya ɗauki irin waɗannan kayan aiki, amma ya bi wata hanya dabam, wato ya riƙa kwance talabijin don ya sa ta yin abin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Nam June Paik a birnin Seoul na ƙasar Koriya ranar 20 ga Yuli, 1932, a gidan attajirai. Lokacin yaƙin Koriya a 1950 iyalinsu suka yi ƙaura zuwa Hong Kong, daga baya suka zarce Japan. A 1956 ya kammala Jami'ar Tokyo, inda ya rubuta kundinsa a kan masanin kiɗa Arnold Schoenberg. Daga nan sai ya nufi Jamus ta Yamma don ƙaro ilimin kiɗa. A can ne ya haɗu da Ba'amurke John Cage a 1958, wanda ya nuna masa cewa kowace irin ƙara tana iya zama kiɗa. Sai Paik ya ga ashe haka ma hoto yake.

Ayyukansa

A 1963 ya yi bajekolinsa na farko a garin Wuppertal, inda ya jera akwatunan talabijin da ya sauya wa haɗin wayoyi, hotunan suna murɗewa suna karkacewa. Ɗaya daga cikinsu ta lalace a hanya, ba ta nuna komai sai layi ɗaya fari. Maimakon ya jefar da ita, sai ya kifa ta a gefe ya nuna ta a haka, ta kuwa zama ɗaya daga cikin sanannun ayyukansa. A 1964 ya koma New York, kuma a shekarar ne shi da injiniya Shuya Abe suka haɗa mutum-mutumi mai tafiya da magana. A 1965 ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan talabijin. Da yake tsohuwar talabijin harbin ƙwayoyin lantarki take yi zuwa fuskar gilashi, maganaɗisun sai ya janye su daga hanyarsu, hoton ya koma zane mai lanƙwasa wanda ɗan kallo ke iya sauyawa da hannunsa.

A nan ne manufarsa take. A ganinsa talabijin ta mai da mutane 'yan amshin shata, tashar tana zubowa su kuma suna haɗiyewa. Shi kuwa so yake ɗan kallo ya sa hannu a ciki. Ranar 1 ga Janairu, 1984, ya haɗa New York da Paris a shiri guda kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. A 1988, shekarar wasannin Olamfik na Seoul, ya gina hasumiya da akwatunan talabijin 1,003. A 1993 ya sami babbar lambar yabo ta bajekolin Venice.

Rasuwarsa da Magadansa

A 1996 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, amma bai daina aiki ba har ya rasu a Miami ranar 29 ga Janairu, 2006, yana da shekara 73. Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki dabarar suka kai ta kan wasannin kwamfuta. Wasu masu fasaha biyu da ake kira JODI sun kwance wasan harbe-harbe na Quake, suka bar layuka baƙi da fari kawai. A 2002 kuma Cory Arcangel ya buɗe kaset ɗin wasan Super Mario, ya sauya abin da ke ciki, ya share komai da komai sai shuɗin sama da gajimare suna wucewa.

Wani abin lura shi ne, tsofaffin talabijin sun daina fitowa daga masana'anta. A 2018 an kashe hasumiyar tasa saboda lalacewa, sai a 2022 aka sake kunna ta bayan doguwar gyara. Wato ke nan mutumin da ya shahara da ɓata talabijin, yau ayyukansa a hannun masu gyara suke.

Kammalawa

Darasin da ke nan gare mu 'yan makaranta bai da nisa. Yankinmu na kudancin Kaduna shi ne mazaunin mutanen Nok, waɗanda suka narka ƙarfe suka kuma ƙera mutum-mutumin yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ba su raba sana'a da fasaha ba. Yaron da ke kwance waya a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa hannunsa ɗaya da na Paik. Abin da ya rage masa shi ne ya tambayi kansa ko akwai wani abin da na'urar za ta iya yi, mu kuma mu daina yi masa kallon maɓarnaci idan ya gwada. In ba haka ba, za mu dawwama muna sayen wasannin da wasu suka ƙera, da labarinsu da harshensu, namu kuwa ba ya ciki. Allah Ya sa mu dace, amin.