Charles Lwanga, shugaban yaran fada da aka ƙone a Namugongo

Kowace shekara ranar 3 ga Yuni hutu ne a Uganda, kuma dubban mutane kan taka da ƙafa zuwa Namugongo kusa da Kampala, wasu ma tun daga Kenya da Tanzaniya. Saurayin da suke tunawa, Charles Lwanga, bai kai shekara talatin ba ya bar duniya.

An haife shi wajen 1860 a masarautar Buganda. Ɗan kokawa ne, ya shiga hidimar fada har ya zama mai kula da yaran sarki a zamanin Kabaka Mwanga na biyu, wanda ya hau gadon mulki a 1884 yana matashi. Mwanga yana cikin tsoro, kuma a ganina tsoron nasa ba na banza ba ne, don Turawa sun fara yanka gabashin Afirka suna rabawa. A watan Oktoba na 1885 ya sa aka kashe Bishof James Hannington a Busoga. Wani babban bafade Kirista, Joseph Mukasa, ya faɗa wa sarki gaskiya a kan wannan kisa, sai aka sare masa kai ranar 15 ga Nuwamba. To, a wannan ranar ce Lwanga ya je aka yi masa baftisma. Ya san sarai abin da ke jiransa.

Akwai wani abin kuma. Sarkin yana neman yaran fada da lalata, Lwanga kuwa ya riƙa ɓoye su yana ƙarfafa musu gwiwa su ƙi. Nan ne ni mutumin ya fi burge ni, domin ba kansa kawai yake karewa ba, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsa.

A ƙarshen watan Mayu na 1886 abin ya fashe a Munyonyo. Cikin dare Lwanga ya yi wa wasu yara baftisma da hannunsa, har da Kizito, ɗan shekara goma sha huɗu. Da safe sarki ya sa masu sabon addini su ware gefe, suka ware. Aka ɗaure su aka tasa su zuwa Namugongo, suka yi kusan mako ana tara itace. Ranar 3 ga Yuni aka ƙone Lwanga shi kaɗai, wutar tana cinsa a hankali tun daga ƙafa, sauran kuma aka naɗe su cikin tabarmin kara aka jefa a wuta. Cikinsu har da Mbaga Tuzinde, ɗan babban haunin, wanda uban ya yi ta roƙo ya janye ya ƙi. Jimilla, tsakanin 1885 da 1887, ana lissafa 'yan Katolika 22 da 'yan Angilikan 23.

Ban so mai karatu ya wuce bai san wannan ba: kimanin shekara goma kafin nan, a wannan Namugongo ɗin, mahaifin Mwanga, Mutesa na ɗaya, ya ƙone gomman Musulmi. Laifinsu shi ne sun ƙi bin sarki salla, sun ƙi cin yankan fada, saboda sarkin bai yi kaciya ba.

Fafaroma Paul na shida ya sanya Lwanga cikin waliyyan cocin Katolika a 1964. Mwanga kuwa Ingilishi suka kai shi tsibirin Seychelles, can ya rasu a 1903, bayan shi ma an yi masa baftisma.