Juan Manuel Fangio: Makaniken da ya zama zakaran tseren motoci na duniya sau 5

A Gaya, garin da a baya ya daɗe yana zama mashigar manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano, ana gane ƙwararren direba tun daga ƙarar motarsa. Idan zai sauko daga babbar giya zuwa ƙarama, yakan ɗan taɓa totur kafin ya saki kuloci, sai giyar ta shiga ba kuka ba girgiza. Wannan dabara na cikin abubuwan da marigayi Juan Manuel Fangio na Ajantina ya gwanance a kansu, har ake ƙidaya shi cikin fitattun direbobin tarihi.

An haifi Fangio ranar 24 ga Yuni, 1911 a garin Balcarce, iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga gareji, inda ya san cikin inji tun kafin ya yi suna a tuƙi. A 1940 ya lashe tseren kusan kilomita 10,000 daga Buenos Aires zuwa Lima ta ƙasar Peru da dawowa, cikin motar Chevrolet, a kan hanyoyin ƙura da tsaunuka. Duk abin da ya lalace a hanya, shi da abokin tafiyarsa ke gyarawa.

Wannan sani ne ya taimake shi da ya koma tsere a Turai yana dab da shekara 40. Ƙaramar giya na buƙatar inji ya juya da sauri fiye da babba. Idan direba ya sauko da giya ya saki kuloci inji na juyawa a hankali, tayoyi ne za su fizgi injin, motar ta yi turjiya, a kan kwana kuma bayanta na iya zamewa. Don haka a zamanin Fangio direbobin tsere kan taka birki da yatsun ƙafar dama, su taɓa totur da dunduniya ko gefen ƙafar, ƙafar hagu na kan kuloci, duk a lokaci guda. An san Fangio da yin haka cikin natsuwa ba tare da wahalar da mota ba.

Sai dai shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa. A 1948 motarsa ta kife da dare a Peru, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya rasu. A watan Yunin 1952 kuma, bayan jirgi ya kuɓuce masa, ya kwana yana tuƙi daga Faransa zuwa Monza ta Italiya, ya shiga tsere ba barci. A zagaye na biyu motar ta ƙwace masa, ya karye a wuya, bai sake tsere ba a wannan shekara. Gajiya ba ta san gwani ba.

Ya zama zakaran Formula 1 a 1951, sannan a jere daga 1954 zuwa 1957, da motocin Alfa Romeo, Mercedes, Ferrari da Maserati, ya kuma lashe tsere 24. Wanda aka fi tunawa shi ne na Nürburgring a Jamus, ranar 4 ga Agusta, 1957. An ɓata masa lokaci wurin canza taya, ya dawo fili direbobin Ferrari biyu, Mike Hawthorn da Peter Collins, sun ba shi ratar kusan daƙiƙa 50. Sai ya riƙa shan kwanoni da giyar da ta ɗara wadda ya saba, yana karya tarihin gudu zagaye bayan zagaye, har ya wuce su ana saura zagaye ɗaya. A lokacin shekarunsa 46, kuma ita ce nasararsa ta ƙarshe a gasar.

Fangio ya yi ritaya a 1958, ya rasu a Buenos Aires ranar 17 ga Yuli, 1995 yana da shekara 84, aka binne shi a Balcarce. Tarihinsa na kofuna 5 ya tsaya shekara 46 kafin Michael Schumacher ya wuce shi a 2003.