BAWA JAN GWARZO: SARKIN DA BAƘIN CIKI YA KAYAR



Duk lokacin da hanya ta bi da ni ta Unguwar Lalle zuwa Sabon Birni, nakan tuna kufan Alƙalawa da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari. A zamaninsa Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta, jin sunansa kawai kan sa maza su shiga taitayinsu.

Wajen 1788, ran babbar salla, ya tara malamai a Magami yana rabon kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi zinariyarsa ba, sai ya nemi abu 5: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kira, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka.

Ba a jima ba aka gwabza da Katsinawa a Ɗankaishi, aka ci Gobirawa, aka kashe ɗansa. Masu tarihi sun kawo cewa baƙin cikin nan ne ya zama ajalinsa, ƙanensa Yakuba ya gaje shi. Subhanallah! Mutumin da mashi bai kayar ba.

Wannan fa ba almara ba ce. Allah ya haɗa zuciya da jijiyoyi iri 2, masu zaburar da ita da masu lallashinta. Ta baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. In tsoro ko baƙin ciki ya zo, masu zaburarwa kan yi rinjaye, bugu ya ƙaru, jini ya hau. A 1990 likitocin Japan suka bayyana ciwon da mummunan labari kan raunana tsokar zuciya farat ɗaya, alhali hanyoyin jininta a buɗe suke.

To yau mutanenmu na Isa da Sabon Birni nawa ke kwana da fargabar 'yan bindiga? Nawa suka binne ɗa? Kar mu ce musu haƙuri kawai mu wuce. A zauna da su, a saurare su, a ciyar da su. Ko Annabi Yaƙubu (AS) ya yi kuka, kuka ba raunin imani ba ne. Wanda kuma ƙirjinsa ya riƙe ko numfashi ya gagara, a garzaya da shi asibiti, ana tafe ana addu'a.

Allah ya sanyaya zukatanmu, ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.